Injin Ban-ruwa, Injin Babur ko Injin Waje: Wanne Ya Dace da Tseren Kat a Ƙauye?

Bayan an gama yankan shinkafar damina, wasu matasa a yankin Kura da Garun Malam, yawancinsu masu walda da masu gyaran injin ban-ruwa, sun haɗa ƙwarangwal ɗin ƙananan motocin tsere guda uku da bututun ƙarfe, sannan aiki ya tsaya cik a kan tambaya ɗaya: wane inji za a ɗora? Na zauna da su sau da dama a rumfar gyara ina sauraron gardamar, kuma na lura cewa kowa yana kare injin da ya fi burge shi ne, alhali abin da ya kamata a auna shi ne injin da zai sa yaron da ya zo kallo yau ya dawo mako mai zuwa da niyyar shiga. Da wannan ma'auni na gwada zaɓi huɗu da ke gaban duk wata ƙungiya irin tasu a karkarar Kano ko Jigawa.

Motar da ake kira kat ba ta da bodi, ba ta da sifirin, tayoyinta na baya kuma sandar ƙarfe guda ce ta haɗa su, direba yana zaune dab da ƙasa, inji yana gefensa ko bayansa. Wani maƙerin motocin tsere mai suna Art Ingels ne ya ƙera ta farko a Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1956, da ƙaramin injin da aka yi domin na'urar yankan ciyawa, don haka masu waldanmu ba su kauce wa asalin wasan ba. Michael Schumacher ya fara ne yana ɗan shekara 4 a kan motar wasa da mahaifinsa, wanda magini ne, ya ɗora wa ƙaramin injin babur, Lewis Hamilton kuma ya fara a 1993 yana ɗan shekara 8. Sai dai a ko'ina ake wannan tsere, ana raba masu fafatawa aji-aji bisa shekaru da nauyi da irin inji, domin mota mai ƙarfin doki 6 da mai ƙarfin doki 30 ba su da abin yi a fili ɗaya. Zaɓen inji ke nan shi ne zaɓen irin mutanen da aljihunsu zai iya ɗaukar wasan.

Injunan da samari suka fi gani a bidiyo su ne masu bugu biyu, waɗanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, irin su Rotax Max na ƙasar Ostiriya, wanda ya fito a 1997, da IAME X30 na Italiya. Dukansu 125cc ne, ruwa ke sanyaya su ta lagireto, ƙarfinsu yana kaiwa wajen doki 30, gudunsu kuma yana haura kilomita 100 a awa. Babu mai musun cewa duk wanda ke da burin kaiwa gasar duniya wata rana zai bi ta kansu. Amma an yi su ne domin filin kwalta mai laushi da tayoyi marasa zane, ana ƙirga rayuwar fistin ɗinsu da awanni, kuma Rotax yana zuwa ne da hatimi, ba a yarda kowa ya buɗe shi ba sai wakilin da kamfanin ya amince da shi. A wurin da filin tsere burji ne, ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, kuma ko ringi ɗaya sai an yi odarsa da dala, wannan inji zai yi gudu wata biyu ne ya koma kusurwar shago a lulluɓe da buhu. Ba na ganin akwai dalilin daɗewa a kansa.

Na biyu ya fi cancantar a tsaya a duba, ko da ba za a saya ba. Shi ne Briggs & Stratton LO206, injin bugu huɗu mai 204cc da ake haɗawa a Milwaukee ta Amurka, mai ƙarfin doki kusan 9. Hikimarsa ita ce an rufe cikinsa da hatimi tun daga masana'anta, na'urar ba da wutarsa kuma tana yanke juyi idan ya kai 6,100 a minti, ga wani ƙaramin ƙarfe a kafireta da ake canzawa domin rage wa yara ƙarfi. Saboda haka mai kuɗi ba shi da inda zai zuba kuɗinsa ya sayi nasara, kuma wannan ne ya sa ƙananan ƙungiyoyin Amurka da Kanada suka rungume shi, sababbin direbobi suka yi ta shigowa. Matsalarsa a wurinmu ita ce nisa. Abin da Ba'amurke ke kira mai araha, idan aka juya shi zuwa naira bayan faɗuwar da ta yi tun daga 2023, aka ƙara kuɗin jirgi da na kwastan, ya fi ƙarfin manomin da ke jiran kuɗin tumatir daga Kwanar Gafan. Abin ɗauka daga LO206 shi ne dabarar daidaita kowa, kuma ana iya yin ta da injin da ke hannunmu.

Ainihin gardamar da ke rumfar gyara tsakanin inji biyu take: na babur da na ban-ruwa.

Masu goyon bayan injin babur suna da hujjoji masu ƙarfi. Injin Bajaj Boxer mai 100cc, ko na roba-roba mai 110cc, yana ko'ina, daga Ringim har Haɗeja babu garin da ba a samun bakanikensa da kayan gyaransa. Yana zuwa da giya huɗu da kulocinsa a ciki, sarƙarsa da farantin haƙoranta ana sayar da su a kowace kasuwar mako, yana da famfon da ke zagaya da baƙin mai, kuma tsohon babur da ya gama aikin acaɓa ana iya cire masa inji a farashi mai sauƙi. Na roba-roba ma ya fi sauƙin ɗorawa, tunda ba ya bukatar a matsa kuloci da hannu. Ga shi kuma yana da kuka mai daɗin ji idan ana canza giya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne wajen jan 'yan kallo.

Duk da haka akwai abubuwa uku da suka sa na ja baya da shi. Iskar tafiya ce ke sanyaya injin babur, shi ya sa aka sa shi a fili tsakanin ƙafafun mai tuƙi. Idan aka mayar da shi bayan kujerar kat, jikin direba ya tare iskar, a fili mai yawan kwana inda ba a miƙa gudu, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, zai ɗauki zafi har ƙarfinsa ya ragu. Sannan giya tana ƙara wa sabon shiga aiki: yaron da bai taɓa riƙe sitiyari ba zai raba hankalinsa tsakanin kwana da birki da neman giya, kuma wanda ya shekara biyar yana acaɓa zai bar shi a baya tun kafin kwanar farko. Abin da ya fi damuna shi ne babu injin babur biyu na hannu da ke daidai. Wani an yi masa bori, wato an faɗaɗa ramin fistin, an sa babban fistin, wani 125cc ne da murfin 100cc, wani ya gaji yana hayaƙi, kuma ba shi da abin da ke taƙaita juyinsa. Ƙungiyar da ta zaɓe shi za ta ƙare kowace ranar tsere da rigimar wa ya taɓa cikin injinsa, kuma rigima irin wannan tsakanin 'yan gari ɗaya takan bi mutane har gida.

Injin ban-ruwa shi ne wanda kowane ɗan fadama ya tashi da ƙararsa a kunne, daga gonakin Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga har zuwa Auyo. Asalinsa Honda GX160 mai 163cc da GX200 mai 196cc ne, sai kamfanonin Sin irin su Lifan da Loncin suka yi ta ƙera makamantansu, waɗanda ake gani da lamba 168F, da ɗan babbansu 170F. Mai 196cc ana rubuta masa ƙarfin doki 6.5. Mutane da yawa ba su san cewa wannan injin da ke jan ruwa a rafi shi ne ke cikin motocin kat na haya da yawa a duniya ba, cewa a Ingila an shafe shekaru ana tseren ajin yara da GX160, kuma a Amurka akwai aji guda na injunan Sin ɗin nan da ake fafatawa da su a filayen ƙasa marasa kwalta, irin wanda za mu iya shimfiɗawa da jan burji. Yana ɗauke da fankarsa a jikinsa, don haka ko motar tana tafiyar hawainiya yana samun iska. Ba shi da giya, ƙafar dama totur, ta hagu birki, shi ke nan. Baƙin man da yake sha ɗan fiye da rabin lita ne, fetur kuma bai kai lita 2 a awa ba ko an matsa masa, wanda tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama abin lissafi ga kowa. Fistin, ringi, bawul, kafireta, fulogi da igiyar tayarwa duk ana samunsu a garin Kura, balle a Sabon Gari.

Ba zan ɓoye aibinsa ba, domin matasan nan sun riga sun ɗanɗana ɗaya. Sun samu tsohon janareta a farashi mai kyau, suka raba shi da kansa na wuta, suka wanke injin tas, ya tashi da ja ɗaya. Da aka zo sa kulocin da aka sayo daga birni, sai ya ƙi zama, yana ta lilo a bakin karanshaf, wato sandar ƙarfen da inji ke juyawa. Wani dattijon bakanike da ke zaune a gefe ya karɓa, ya shafa bakin ƙarfen da babban yatsa, ya ce, "Yara, wannan ai bakinsa tsini ne, na janareta ke nan. Ku nemo mai miƙaƙƙen baki da tsagar ki." Haka abin yake: injin janareta bakin karanshaf ɗinsa yana tsukewa zuwa ƙarshe, na famfon ruwa sau da yawa zare ne da shi inda ake ɗaura fankar ruwa, kat kuwa tana bukatar miƙaƙƙe mai tsaga, irin wanda ake ɗora wa fuli a injin markaɗe. Ko a nan ma akwai mai kaurin milimita 19 da mai milimita 20, kuma kulocin ɗaya ba ya shiga ɗaya. Wannan kuloci, wanda ke kamawa da kansa idan juyi ya ƙaru, shi ne kaya ɗaya tilo da ba a samu a ƙauye, kuma shi ne ya fi saurin ƙonewa idan direba yana taka totur da birki tare. Ana iya maye gurbinsa da bel da fuli na ɗan lokaci, amma bel yana zamewa, kuma ba kowace mota za ta zame daidai da 'yar'uwarta ba.

Akwai kuma na'urar da ke kashe inji idan baƙin mai ya yi ƙasa. A gona tana ceton inji, amma a kwana mai tana karkata gefe guda, na'urar ta ɗauka ya ƙare, mota ta mutu a tsakiyar tsere. Masu kat suna cire wayarta, kuma duk wanda ya cire ta ya ɗauki wa kansa wajibin duba mai kafin kowane zagaye. Matatar iska ma dole a wanke ta bayan kowace ranar wasa, domin ƙurar burji tana cin ringi kamar yashi.

Maganar da ta fi kowace nauyi ita ce ta gwamna, wato ƙarfen da ke riƙe juyin injin a wajen 3,600 a minti. Abu na farko da kowane saurayi zai koya daga bidiyo shi ne yadda ake cire shi, kuma gaskiya ne injin yana ƙara gudu sosai idan an cire. Amma faifan ƙarfen da ke ɗauke da fanka da maganaɗisu zubi ne, ba a yi shi domin juyi mai yawa ba, kuma idan ya fashe yana tarwatsewa ne a gefen haƙarƙarin direba. Masu tsere a ƙasashen waje da ke cire gwamna suna canza wannan faifai da na alminiyon da aka sassaƙa musamman, su canza sandar fistin da sifirin ɗin bawul, kuma daga nan arahar ta ƙare. Ra'ayina shi ne a bar gwamna a inda yake, a ɗaure dunƙulensa da waya, a ɗiga masa fenti, yadda duk wanda ya taɓa za a gani.

Wani zai ce to ina gudun? Lissafin a bayyane yake. Idan kuloci yana da haƙora 10, farantin baya yana da 60, sandar baya za ta juya sau 600 a minti, kuma da tayar kat ta asali mai tsayin inci 11 wannan ya kama kimanin kilomita 30 a awa. Idan aka sa tayar adaidaita sahu, wadda ta kai wajen inci 16, gudun zai kai kilomita 45 da ɗoriya, sai dai motar za ta ɗaga sama, kuma mota mai tsayi ita ce ke kifewa a kwana, don haka sai an faɗaɗa tsakanin tayoyi an kuma saukar da kujera. Tayar baro kuwa kada a kusance ta, ba a yi ta domin gudu ba. Wanda bai taɓa zama a kat ba zai raina kilomita 35, amma idan mazauninsa yana taƙi ɗaya daga ƙasa, motoci biyar suna kafaɗa da kafaɗa za su shiga kwana guda, zai sauko yana haki.

Injunan Sin ba sa fitowa daidai wa daida, ko daga kwali ɗaya aka ciro su wani yakan ɗan fi wani kuzari, Honda na asali kuma ya fi su daidaito da daɗewa amma ya ninka su tsada, ga jabu mai ɗauke da sunansa. Maganin wannan yana cikin tsarin ƙungiya. A babbar gasar Rotax ta duniya, wadda aka fara a shekarar 2000, ba wanda ke zuwa da motarsa: masu shiryawa ne ke kawo motoci da injuna iri ɗaya, a raba su ta hanyar ƙuri'a. Ƙungiyar ƙauye za ta iya yin haka ba tare da kashe ko sisi ba. Injuna su zama mallakar ƙungiya, a rubuta wa kowace mota lamba, a zuba lambobin a hula, kowa ya zara da safe, a sake zara bayan kowane zagaye. A auna direba da motarsa a sikelin buhu, wanda bai kai nauyin da aka yanke ba a ɗaura masa ƙarfe a ƙarƙashin kujera da noti. Yara 'yan ƙasa da shekara 13 kuma a sa musu dunƙule a bayan totur da zai hana shi kaiwa ƙarshe, wanda shi ne aikin da ƙarfen kafiretar LO206 ke yi. Idan nan gaba wasu suka so mallakar nasu, akwai dokar da wasu ƙungiyoyin Amurka ke bi, cewa duk wanda ya ci tsere dole ya sayar da injinsa a kan farashin da aka yanke tun farkon kaka idan abokin fafatawa ya nema, kuma ba mai hankalin da zai zuba kuɗi a injin da za a iya karɓewa da kuɗin sabo na kasuwa.

Na dage a kan wannan ne saboda abin da na sani game da yadda yaro ke barin wasa. Wanda aka wuce shi da tazarar mota ɗaya yakan kwana yana tunanin inda ya yi kuskure a kwana ta uku, ya dawo. Wanda aka zagaye shi sau biyu saboda injin ɗan mai kuɗi ya fi nasa yakan ce abin na masu hali ne, ya koma kallon ƙwallo, ya kuma gaya wa abokansa. Motar ƙungiya tana kuma buɗe ƙofa ga wanda ba shi da komai sai kuɗin zagaye biyar a ranar kasuwa ko ranar sallah, kuma daga irin waɗannan ake samun direbobin baɗi.

Sai dai kafin yaro akwai mahaifinsa. A ƙasar nan kalmar wasan mota tana tuna wa iyaye gangancin da samari ke yi a kan titi lokacin biki, wanda ya jawo asarar rayuka, kuma da wannan idon za su fara kallon kat. Wani uba ya tambaye ni a bakin filin gwaji, "Malam, wannan abin idan ya ƙwace masa, me zai tsayar da shi?" Da injin ban-ruwa ina da amsar da zan nuna masa da hannu: ga gwamna a ɗaure, ga makunnin kashewa kusa da sitiyari, ga tsofaffin tayoyi da buhunan ƙaiƙayin shinkafa a jere a kowace kwana, kuma inji ne da shi kansa ya san iyakarsa tun daga gonarsa. Da injin babur mai giya huɗu amsar ba za ta yi wannan sauƙi ba. Haka nan neman fili daga dagaci ko mai unguwa ya fi sauƙi idan aka ce nesa da titi ne, da rana ne, kuma an sa wa kowane inji salansa. Hular kwano mai rufe haɓa da takalmi rufaffe wajibi ne, sarƙa da sandar baya kuma dole a yi musu murfi, domin babbar riga, rawani, mayafi ko dogon hijabi idan sandar ta kama su ba ta saki. 'Yan mata da iyayensu suka amince su shiga suna bukatar ɗan ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin riga, da lokacinsu na daban, kuma inji marar giya ya fi dacewa da wadda ba ta taɓa hawa babur ba.

Injin babur yana da gurbinsa, amma a matsayin aji na biyu, na manya da suka yi kaka guda cur a ajin farko, kuma sai ƙungiya ta samu bakanike amintacce wanda ba ya tsere, wanda zai riƙa buɗe injin duk wanda ya zo na ɗaya a gaban kowa. LO206 ya dace da ranar da aka samu mai ɗaukar nauyi da filin kwalta. Ga matasan Kura da duk masu irin halinsu, shawarata ita ce 168F mai 196cc, sabo, da gwamnansa. A saye su duka rana ɗaya, a shago ɗaya, samfuri ɗaya, kada a yarda a cika adadi da 170F don mai shago ya ce ya fi ƙarfi. A tafi kasuwa da kulocin a aljihu, a buɗe kowane kwali a gwada shi a bakin karanshaf kafin a biya, kuma idan motoci biyar ne a sayi inji shida da kuloci bakwai.